Yawon Amarci a Gonakin Inabi na Afirka ta Kudu: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana

Ni da amaryata mun yi kwana shida a yankin gonakin inabi da ke bayan birnin Cape Town, a ƙasar Afirka ta Kudu, jim kaɗan bayan bikinmu. Tun da muka dawo ake ta yi mana tambayoyi, wasu don suna son zuwa, wasu kuwa don su ji abin da ya kai Musulmi ƙasar da aka sani da giya. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tara tambayoyin wuri guda na amsa su iya abin da na gani da abin da na sani.

Wai ina ne wurin, kuma me ke can?

Garuruwa uku ne ginshiƙin yankin: Stellenbosch, Paarl da Franschhoek. Daga Cape Town zuwa Stellenbosch kamar kilomita 50 ne, Paarl kamar 60, Franschhoek ta ɗan fi su nisa. Duk suna kwance ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye su, kuma duk gangaren da ido ya kai layukan kurangar inabi ne a jere kamar kitso. A tsakiyar kowace tsohuwar gona akwai farin gida mai rufin ciyawa da doguwar fuska mai ado, irin ginin da Turawan Holan suka bari.

Tarihin ya daɗe. A ranar 2 ga Fabrairu, 1659, Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin kasuwancin Holan, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa an matse inabin Cape karo na farko. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya kuma raɗa mata sunansa. Daga 1688 wasu Faransawa 'yan ɗariƙar Furotesta, waɗanda suka gudo daga tsanantawar addini a ƙasarsu, suka fara isowa, aka ba su filaye a kwarin da a lokacin ake kira Kusurwar Giwaye. Sunan ya koma Franschhoek, wato Kusurwar Faransawa. Har yau gonakin can sunayen Faransanci gare su, irin su La Motte da La Provence.

To, Musulmi me zai je yi a ƙasar giya?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke zagayawa kafin ya yi, don haka bari in amsa ta ba kwana-kwana. Giya haramun ce, ba mu sha ba, ba mu saya wa kowa tsaraba ba. Akwai hadisi sananne da ya la'anci mai matse ta da mai sayar da ita da mai ɗaukarta, ba mai sha kaɗai ba, akwai kuma wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da ita. Ni ba malami ba ne, kuma ba zan ba kowa fatawa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da taka ƙafa a irin wannan gona ba, ya tambayi malaminsa, in an ce ya bari ya bari. Afirka ta Kudu faɗi gare ta, wuraren zuwa ba su ƙare ba.

Abin da mu muka yi shi ne, mun raba tsakanin gona da ɗakin ɗanɗana giya. Yawancin gonakin nan ba giya kaɗai suke yi ba. Akwai zaitun, da cuku, da zuma, da ɓaure, da rumman, da lemo, da furanni, da dawaki, da hanyoyin tafiya a ƙafa cikin duwatsu. Mun kwana a wata gona da rabin abin da take nomawa zaitun ne, muka yi ta yawo a lambuna, muka ci abinci a inda muka natsu da shi, ɗakunan ɗanɗanawa kuwa muka bar wa masu shi. Amma kada in yaudare ku: ba za ku wuni a yankin nan ba tare da kun ga kwalba a teburin wani ba. In ganin ma kaɗai zai ɓata muku rai, wurin ba naku ba ne.

Me ya sa kake ta cewa ƙananan gonaki na iyali? Manyan ba su fi kyau ba?

A hoto sun fi kyau. Babylonstoren, kusa da Paarl, tana da lambun da sai ka yi awa uku kana zagayawa ba ka gama ba. Boschendal, wadda asalinta ya koma 1685, da Vergelegen a Somerset West, mai manyan itatuwan kafur da aka dasa tun wajen 1700, duk sun cancanci a gan su. Sai dai a can kai ɗaya ne cikin ɗaruruwan baƙi, motocin 'yan yawon buɗe ido na sauke wasu suna kwasar wasu, ma'aikaci kuma ya haddace jawabinsa, in ka katse shi sai ya koma farko.

A ƙaramar gona, wanda ya buɗe maka ƙofa sau da yawa shi ne mai gonar, ko matarsa, ko ɗansa da ya dawo daga karatun aikin gona a jami'ar Stellenbosch. Kuma a nan ne faɗin gaskiya ke da amfani. Dattijuwar da muka sauka a gonarta, da na gaya mata tun a waya cewa mu Musulmi ne, ba ma sha, ba ta ko yi mamaki ba. Mutanen Cape sun saba da Musulmi shekaru ɗari uku da ɗoriya. Da muka iso mun tarar ta kwashe kwalaben da ake ajiye wa baƙi a ɗaki, ta sa ruwan inabi zalla da kwanon ɓaure a madadinsu. Washegari da safe mijinta ya ɗauke mu a tsohuwar a-kori-kura ya kai mu can saman gona, ya tsinko inabi iri uku ya ce mu ɗanɗana mu gaya masa bambancinsu. Inabin giya ƙanana ne, fatarsu kauri, ga 'ya'ya a ciki, amma zaƙinsu ya ninka na wanda muke saya a kan tire a Kano. Amarya ta tambaye shi dalilin da ya sa aka dasa furen wardi a bakin kowane layi. Ya ce kakanninsa sun ɗauke shi a matsayin ɗan saƙo, wai cutar fumfuna takan fara nunawa a jikinsa kafin ta kama inabi, amma shi dai yanzu don matarsa yake barinsa. Irin wannan hira ba a samunta a inda ake yanka tikiti.

Sai an yi waya kafin a je?

Ƙwarai. Ƙaramar gona ba kanti ba ce. Wasu ba sa buɗewa ran Lahadi, wasu sai da alƙawari, lokacin girbi kuma kowa na cikin gona ko wurin matsa, ba mai lokacin baƙon da ya faɗo ba sallama. Ku aika saƙo kwana biyu ko uku kafin ranar, ku faɗi ku nawa ne, ku faɗi cewa ba ku shan giya, sannan ku tambayi abin da za a iya nuna muku. In amsar ta zo a daƙile, ku nemi wata. Gonakin sun fi a ƙirga a yatsu.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ku fara juya kalandar da ke kanku. Lokacin da muke rawar ɗari da hunturu a Disamba da Janairu, su can tsakiyar zafi suke. Ruwan samansu kuwa a lokacin sanyinsu yake sauka, daga Yuni zuwa Agusta.

Girbin inabi yakan fara a ƙarshen Janairu ya kai Maris, wani lokaci har Afrilu. In kuna son ganin kuranga ɗauke da 'ya'ya, da taraktoci na jan akwatuna tun da asuba, to Fabrairu ne, amma Paarl takan yi zafin da ko Basakkwace zai nemi inuwa. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu hutun 'yan ƙasar ne, masauki ya yi tsada, hanya ta cika. Ni da za a sake ba ni zaɓi, ƙarshen Maris ko Afrilu zan ɗauka: zafi ya sauka, ganye ya fara komawa ja da ruwan ɗorawa, jama'a sun ragu. Satumba da Oktoba ma ba laifi, komai kore shar, sai dai ba inabi a jikin kuranga. Lokacin sanyi ya fi araha, kuma ga sababbin aure da murhu a ɗaki ba abin ƙi ba ne, amma kuna iya yin kwana uku ruwa bai ɗauke ba.

Ko da zafi kuka je, ku riƙe rigar sanyi. Akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu maso gabas, suna mata laƙabi da likitan Cape, wai tana share dattin gari. Amarya ta koyi ɗaure mayafinta da fil biyu tun rana ta farko.

Biza da jirgi fa?

Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza, kuma ku nema da wuri, kada ku bari sai an sa ranar biki saura mako biyu. 'Yan Ghana kuwa tun Nuwamba 2023 an ɗauke musu biza don gajeriyar ziyara. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne, ana tambayarsa. Akwai hanyar Legas zuwa Johannesburg, daga can a hau na cikin gida kamar awa biyu zuwa Cape Town, akwai kuma hanyar Addis Ababa. Daga filin jirgin Cape Town zuwa Stellenbosch bai fi tafiyar rabin awa da 'yan mintuna ba. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuɗinsu kuma rand ne, kati yana aiki kusan ko'ina.

Abu ɗaya da ango zai kula: in amarya za ta canja suna bayan aure, a sayi tikiti da sunan da ke cikin fasfo ɗinta, ba wanda aka buga a katin gayyata ba.

Yaya ake zirga-zirga tsakanin gonakin?

Hayar mota ta fi komai sauƙi, amma a hagu suke tuƙi, sitiyari a dama. Rana ta farko duk lokacin da na so kunna sigina sai in kunna abin share gilashi. Hanyoyin suna da kyau. Wadda ta haɗa Stellenbosch da Franschhoek ta kan tudun Helshoogte, ita kaɗai ta isa a yi tafiya dominta.

A Franschhoek akwai wani ɗan jirgin ƙasa na yawon buɗe ido da ke haɗe da motoci, yana sauke mutane gona-gona. An yi shi ne don masu sha su huta da tuƙi, kuma da yamma za ka gane hakan daga ƙarar dariyar fasinjoji. Ban ga abin da zai ƙara wa wanda ba ya sha ba. Wannan ma ya kawo ni ga gargaɗi: daga la'asar zuwa dare, musamman Asabar, wasu direbobin da ke kan hanyoyin nan daga ɗanɗanawa suka fito. Ku koma masauki da sauran haske. Uber yana aiki a cikin Stellenbosch, amma in kuka yi nisa cikin gonaki, samun na dawowa sai an yi sa'a.

Abinci fa? Ana samun halal?

A Cape Town kam har sai kun zaɓa. A cikin garuruwan Stellenbosch da Paarl ma akwai Musulmi da wuraren cin abincinsu. Ku nemi takardar shaidar halal da ake mannawa a bango ko a ƙofa, daga hukumomi irin su MJC ko SANHA. A gonaki ne lamarin ke da wuya. Wasu za su ce muku namansu daga mahautan halal suke saye, amma kicin ɗaya ne da naman alade, kuma da giya ake girki. Wannan ba shaida ba ce, bayani ne kawai, ku ne za ku yanke hukunci.

Mu mun tsaya ga kifi, ganye, ƙwai, burodi da cuku in muna gona, nama kuwa sai mun shiga gari. Duk da haka sai da muka kusa faɗawa. A wani gidan abinci na wata gona na nemi kifi, na ce ba ma cin nama. Har an ajiye faranti, amarya ta sunsuna ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan romon da wani abu a ciki." Na kira mai kawo abincin, ta je ta tambayo, ta dawo tana ba da haƙuri: da farar giya aka haɗa shi. Laifina ne, nama na ambata, ban ambaci giya ba. Daga ranar na koyi tambaya biyu a jere: akwai alade, akwai giya a cikin girkin? Ku yi ta har a kan kayan zaƙi, don a can ma sukan zuba barasa.

Kada ku baro ƙasar ba ku ci girkin Musulmin Cape ba. Akwai bobotie, niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai da madara a sama. Akwai bredie, wani dahuwar nama da tumatir mai kauri. Akwai koesister, wanda ya yi kama da fanke amma da kirfa da citta, an tsoma shi a ruwan sukari an barbaɗa kwakwa, kuma bisa al'ada ran Lahadi da safe ake cinsa.

In ba giya, me za a sha?

Ruwan inabi zalla, ja ko fari, mai gas ko marar gas. Ku nemi na hanepoot, wani inabi mai ƙamshi kamar an zuba masa turare. Akwai Grapetiser da Appletiser a kowane kanti. Akwai shayin rooibos, jan ganye da ke fitowa a duwatsun Cederberg, arewa da nan, ba ya hana barci.

A kula da wani abu guda. Akwai kwalaben da aka rubuta cewa an cire musu barasa. Wannan giya ce aka yi ta har ta gama, sannan aka zare barasar, kuma sau da yawa ɗan kaɗan yakan saura, har zuwa kashi 0.5 cikin ɗari. Daban take da ruwan inabin da bai taɓa tsami ba. Mu mun bar ta. Haka kuma in manomi ya miƙo muku ruwan da aka matse daga ganga lokacin girbi, ku tambaya yaushe aka matse. Ruwan inabi ba ya jira: ƙwayoyin yis da ke jikin fatar suna fara cin sukarin su mai da shi barasa cikin 'yan kwanaki. Na yau ruwa ne, na makon jiya wani abu ne daban.

Tsarabar da na fi so ita ce moskonfyt, ruwan inabi da aka dafa har ya yi kauri ya yi baƙi. Duk wanda ya san maɗin ɗinya zai gane shi da lasa ɗaya.

Sai kuma shawarar da ban samu wanda ya ba ni ba. Ruwan inabinsu a kwalba irin ta giya yake zuwa, a kofi mai dogon wuya ake zuba shi. Mun ɗauki hoto da shi, duwatsu a bayanmu, amarya ta ɗora a WhatsApp. Ba a yi minti ashirin ba Gwaggo ta kira daga gida. Ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba: "Kai, ɗan nan, me nake gani a hannun yarinyar mutane?" Sai da na ɗauki hoton takardar jikin kwalbar, na sa ƙanena ya karanta mata, sannan ta ce to, Allah ya tsare, amma a canja kofi. Mun canja.

Salla ba ta wahala?

A'a. Akwai masallaci a cikin Stellenbosch, akwai a Paarl, ana Juma'a. A gona kuwa ku riƙe dardumarku. Abin da zai ruɗe ku shi ne alƙibla. Mu da muka tashi da sanin gabas ce alƙibla, har muna cewa a fuskanci gabas, a can arewa ake fuskanta, a ɗan karkata dama kaɗan. Na duba wayata sau uku ina zaton ta lalace. Lokutan ma sun bambanta: a Disamba da Janairu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare, asuba kuma tun wajen huɗu. Wanda tafiyarsa za ta faɗo cikin azumi ya yi lissafin wannan.

Ka ce Musulmi sun daɗe a can. Ta yaya suka je?

A ɗaure aka kai yawancinsu. Kamfanin Holan ya riƙa kwaso bayi daga tsibiran Indunusiya, da Indiya, da Madagaska, da gabashin Afirka, ya kuma mai da Cape wurin jefa shugabannin da suka yi masa tawaye. Mafi shahara a cikinsu shi ne Shehu Yusuf na Makassar, malami kuma jagoran yaƙi, wanda aka kawo a 1694 tare da iyalansa da almajiransa. An ajiye shi a gonar Zandvliet, a bakin kogin Eerste, kogin da ya ratsa Stellenbosch, don a nisanta shi da bayin birni. Dabarar ba ta ci ba, wurin ya zama matattarar Musulmi. Ya rasu a 1699, yankin kuma har yau Macassar ake ce masa. Hubbarensa na kan wani ɗan tudu, tafiyar kamar minti ashirin da 'yan kai daga Stellenbosch. Na san ra'ayi ya bambanta a kan ziyarar irin waɗannan wurare, kowa ya bi abin da ya fahimta. Mu mun je, mun yi sallama, mun yi addu'a, muka tsaya muna kallon teku.

A unguwar Bo-Kaap ta Cape Town, mai gidaje kala-kala, akwai Masallacin Auwal na 1794, mafi daɗewa a ƙasar. Abin da ya fi burge ni shi ne, a ƙarni na 19 malaman wannan al'umma da haruffan Larabci suka riƙa rubuta harshen Afrikaans, suna koyar da yara addini da shi, kamar dai yadda namu malaman suka yi da ajami. Harshen da duniya ta sani da na masu mulkin wariyar launin fata, ashe wasu daga cikin tsofaffin rubuce-rubucensa a makarantun Musulmi aka yi su.

Su wa ke aikin gonakin? Na ji ana cewa akwai zalunci a tarihinsu.

Akwai, kuma ba a ɓoye yake ba ga mai son gani. A tsofaffin gonaki da yawa za ku ga wata farar hasumiya 'yar ƙarama da ƙararrawa a rataye. Masu ɗaukar hoton aure suna son tsayawa a gabanta. Ƙararrawar bayi ce, da ita ake tashinsu aiki. An soke bauta a 1834, amma aka tilasta wa bayin ci gaba da yi wa iyayen gijinsu aiki har 1838. Ƙauyen Pniel, da za ku ratsa a hanyar Franschhoek, an kafa shi ne a 1843 don waɗanda aka 'yanta.

Bayan bauta sai aka ci gaba da wani tsari da ake kira dop: a biya ma'aikaci wani ɓangare na ladansa da giya, a ba shi safe da rana da yamma. An haramta shi a doka tun 1960, amma ya daɗe bayan haka ana yi a wasu gonaki. Illarsa ba ta gushe ba, yankin na cikin wuraren da aka fi samun jariran da barasa ta nakasa tun suna ciki a duk duniya. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabin ci na De Doorns suka yi yajin aiki mai zafi, daga baya aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105.

Ba ina cewa ku mai da amarcinku zaman makoki ba ne. Amma ku gai da masu tsinkar inabin in kun wuce su, ku ba mai kawo abinci ihsaninsa, kashi 10 cikin ɗari ko fiye shi ne al'ada, kuma kada ku ji nauyin tambayar mai gona yadda ma'aikatansa ke zaune. Yadda zai amsa zai gaya muku irin mutumin da kuke ba kuɗinku. A tsakanin Paarl da Franschhoek kuma akwai gidan yarin da Nelson Mandela ya fito daga cikinsa ranar 11 ga Fabrairu, 1990. A da Victor Verster ake ce masa, yanzu Drakenstein. Mutum-mutuminsa na bakin ƙofa, hannu a dunƙule sama, gonakin inabi ta ko'ina.

Ba wani labarin soyayya ne a wurin? Amarci fa muka zo.

Akwai guda da na so. A gindin dutsen Simonsberg akwai tsohuwar gona mai suna Muratie, wadda har yanzu gonar iyali ce. Mai ita na farko wani sojan Jamus ne, Laurens Campher, da aka ba filin a 1685. Labarin da ake bayarwa shi ne ya kamu da son wata baiwa mai suna Ansela da ke Cape Town, ya yi shekaru yana takawa a ƙafa, tafiyar kwanaki, don ya gan ta, har aka 'yanta ta ya kawo ta gonar a matsayin matarsa. Ɗan gidan da suka zauna yana nan, da wata tsohuwar bishiya da ake cewa ita ta dasa. Amarya ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo ta tuna mini cewa ni ko Zariya ban taɓa zuwa wurinta ba sai da mota.

Ban da kallon inabi, me kuma ake yi?

Ɗanɗana man zaitun: a zuba iri uku ko huɗu a 'yan kwanuka, a ba ku burodi ku dangwala, mai kyau zai ɗan kama maƙogwaro. Kwarin Riebeek, arewa da Paarl, ya yi suna a kan zaitun. A Fairview akwai cuku iri-iri da wata hasumiya da awaki ke hawa. A Vergenoegd, kusa da hubbaren Shehu Yusuf, garken agwagi ne ake sakowa su yi jerin gwano zuwa cikin gona su cinye dodon koɗi, maimakon a yi feshin magani. Daga wajen Oktoba zuwa Disamba ana shiga gonakin strawberry a tsinka da hannu a biya a bakin ƙofa. Masu ƙarfin ƙafa su nufi Jonkershoek, bayan Stellenbosch, akwai hanyoyin dutse da magangarar ruwa.

Akwai tsaro? Mun ji ana kai wa 'yan Najeriya hari.

An yi, ɗaya daga cikin mafi muni shi ne na Satumba 2019 a Johannesburg da kewaye, har aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya zuwa gida. Mu a gonaki ba wanda ya ɗaga mana gira. Abin da ya fi kusa da baƙo shi ne sata: kada a bar jaka ko waya a kujerar mota, kada a tsaya wa baƙon fuska a babbar hanya da dare, musamman kusa da filin jirgi, kada kuma a hau dutse ku biyu kaɗai a hanyar da ba kowa.

Sai karnuka. Kusan kowace gonar iyali tana da su, manya, kuma kamar 'ya'yan gida suke, har falo suke shiga. Da mun tsaya da mota su ne masu fara tarbarmu, amarya kuwa ba ta sauka sai an kama su. Ku faɗa tun a saƙon farko cewa ba ku saba da kare ba, za a ɗaure.

Kwana nawa ya isa?

Uku ko huɗu a gona, sauran a Cape Town. Mu mun yi shida a gona, kuma a rana ta biyar na lura amarya ta fara ƙirga kwalaben man zaitun da za su shiga akwati tana tambayar nauyin da jirgi ya yarda a ɗauka. Gona biyu a rana ta wadatar. Ranar da muka yi huɗu, da dare ko sunayensu mun kasa tunawa.